Kuɗin Makoki Akwai, Kuɗin Yara Babu

Maganar da zan yi tana da ɗaci, amma ba ta ƙiyayya ba ce. Kowace shekara makarantu sukan rufe domin dogon hutu, 'ya'yanmu su yi wata biyu zuwa uku ba aji, ba malami, ba filin wasa, yawancin majami'unmu kuwa ba su ware ko dala ɗaya domin wannan lokaci. In an tambaye mu dalili, sai mu ce babu kuɗi. Ni kuwa na ce ruɗin kanmu muke yi. Kuɗi yana nan, hanyar da muke bi da shi ce ba daidai ba. Dole ne mu kafa asusun hutun yara daga aljihunmu, mu daina jiran baƙo ya zo ya yi mana renon 'ya'yan da muka haifa.

Inda nake magana

Daga Bangui nake rubutu, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, a unguwar da ake kira Kilomita Biyar, ko PK5, saboda nisanta daga tsakiyar gari. Nan ce babbar kasuwar birnin. Yawancin mazaunanta Musulmi ne, Hausawa da Fulani da Larabawan Chadi da wasu daga Afirka ta Yamma, ga kuma Kirista a cikinta da kewayenta. Babban masallacin birnin yana nan, majami'ar Fatima kuma tana bakin unguwar. A kasuwa za ka ji Sango da Hausa da Fulatanci da Larabci, amma a aji da Faransanci ake koyarwa.

Dogon hutunmu yakan faɗo daga Yuli zuwa Satumba, a tsakiyar damina. Ɗan ƙauye yana da gona, ya bi ubansa ya koyi riƙon fartanya. Ɗan birni fa? Uwa ta tafi kasuwa tun asuba, uba ya tafi neman abin sawa a baka, yaro ya tashi ba wanda ya ce masa ga abin yi. Titi ne zai karɓe shi, titi kuwa bai taɓa cewa ba shi da wuri ba. Ku da kuke karanta wannan a Jos ko Kaduna, a Garoua ko Maraɗi, kada ku ce labarin wata ƙasa ne. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da hutu yake yi wa yaro

Abu na fari, karatu yana zubewa. Yaron da ya sha wahala wata tara kafin ya iya haɗa baƙaƙen Faransanci, in ya yi wata uku bai buɗe littafi ba, ba kuma wanda yake magana da shi cikin wannan harshe a gida, sai ya koma aji kamar tulun da aka cika aka bari da huda a gindi. Malami ya kan ɓata makonnin farko yana maimaita aikin bara. Ɗan mai kuɗi ba ya shan wannan hasara, gama ubansa yakan ɗauko masa malami har gida. Ashe kowane hutu yana ƙara faɗin ramin da ke tsakanin ɗan mai shi da ɗan talaka.

Abu na biyu, ba dukan waɗanda suka fita hutu suke komawa ba. Yaron da ya ɗanɗana kuɗin tura baro a kasuwa yakan ga zaman aji wauta ne. Yarinyar da aka ɗora wa tire tun safe har dare, cikin tasha da lungunan kasuwa, takan gamu da masu saye da nufi biyu, kafin Oktoba kuwa sai a ji ta bar makaranta, kowa ya san dalili amma ba mai faɗa.

Abu na uku, akwai masu jiran yaron da ba shi da abin yi. Mai sayar da taramol yana jiransa. Mai gidan caca yana jiransa. A ƙasarmu kuwa mun ga wanda ya fi waɗannan muni, watau mai raba bindiga.

Mun riga mun biya, da tsada

Ran 24 ga Maris 2013 'yan Seleka suka kama Bangui. Ran 5 ga Disamba na shekarar 'yan Anti-balaka suka kawo hari, birnin ya zama mahauta. Dubban Musulmi suka gudu zuwa Chadi da Kamaru, aka rushe masallatai da yawa, waɗanda suka rage suka takure a PK5 ba shiga ba fita. Mutum wajen dubu ɗari suka yi zaman gudun hijira a filin jirgin sama na M'Poko. Aka kai wa majami'ar Fatima hari ran 28 ga Mayu 2014, aka sake ran 1 ga Mayu 2018, ranar da aka kashe Fada Albert Toungoumale-Baba tare da masu sujada da dama.

Su wane ne suka riƙe adduna da bindigogi a waɗannan shekaru? Daga sama suka faɗo? A shekarar 2015 hukumar UNICEF ta ƙiyasta cewa yara 6,000 zuwa 10,000 ne suke hannun ƙungiyoyi masu makamai a ƙasar nan. A watan Mayu na shekarar, lokacin babban taron sulhu na Bangui, shugabannin ƙungiyoyin suka sa hannu za su sake su, bayan 'yan kwanaki kuwa aka saki fiye da 350 a garin Bambari. Cikin yaran nan akwai masu suna Musa da Ali, akwai kuma masu suna Bitrus da Yohanna, waɗanda aka yi wa baftisma a majami'unmu, suka rataya layu suka tafi kisa. Kada wani ya ce na wancan gefe ne kaɗai suka lalace.

Ga abin da nake so ku riƙe. A nan PK5 samari suka kafa ƙungiyoyin da suka kira na kare kai. Da tafiya ta yi tafiya sai masu tsaro suka zama masu karɓar haraji. Mai shago ya biya, mai mota ya biya, shekara da shekaru, har zuwa Disamba 2019 da 'yan kasuwa suka ce sun gaji, aka yi faɗa na kwanaki, mutane da dama suka mutu, shaguna suka ƙone. To, ku duba da kyau: unguwar nan ta daɗe tana biyan kuɗin samarinta. Abin da ba a ba malami da daɗin rai ba, an ba mai bindiga da rawar jiki. Duk al'ummar da ta ƙi biyan kuɗin alli da ƙwallo, wata rana za ta biya kuɗin harsashi, ba kuwa za a tambaye ta nawa take iyawa ba.

Ba na cewa zaman banza ne kaɗai ya kawo yaƙi. Manya ne suka kunna wutar saboda mulki da lu'ulu'u da zinariya. Amma wuta ba ta ci sai da itace, busasshen itacen kuwa mu ne muka tara musu.

Ga masu cewa babu kuɗi

Bari mu yi lissafi tsakani da Allah. In mutum ya mutu a unguwa, kafin rana ta faɗi an kafa rumfa, an ɗauko hayar kujeru, an kawo janareta da lasifika. A kwana uku, wani lokaci mako guda, ana dafa kofi ana raba abinci. A sayi akwati mai ƙyalli, a buga riguna da hoton mamaci. Mutumin da aka kasa saya wa magani yana kwance, sai ga shi an kashe masa abin da zai biya kuɗin makarantar marayunsa na shekaru. Ba wanda ya taɓa cewa a dakatar da makoki domin babu kuɗi. Ina kuɗin yake fitowa? Daga aljihun nan da aka ce ba kome a ciki.

In bikin zumunta ya zo, kowace mace ta san kuɗin atamfar anko, ko da bashi za ta saya. In mawaƙa suna son sabon lasifika, a yi baiko na musamman, a kira sunan masu bayarwa a tafa musu. In za a yi wa babban baƙo maraba, akuya ba ta gagara. Amma in wani ya miƙe a taron dattawa ya ce a ware wani abu domin yara a lokacin hutu, sai a ce magana ce mai kyau, a bar ta sai zama na gaba. Zama na gaba kuwa ba ya zuwa.

Girmama matattu ba laifi ba ne, anko ma ba zunubi ba ne. Tambayata ɗaya ce: don me gawa take da asusu, yaro mai rai ba shi da shi? Mamaci ba ya jin lasifika. Yaron da yake tallar gyaɗa a bakin rumfar makokin shi ne yake bukatarmu.

Mutanen ƙasar nan kuma sun riga sun nuna suna iyawa. Tun farkon shekarun 1990, sa'ad da gwamnati ta yi ta kasa biyan albashi, malamai suka yi ta yajin aiki har aka yi asarar shekarun karatu, iyaye ne suka riƙe makarantu. A ƙauyuka da yawa har yau wanda yake tsaye gaban allo ba ma'aikacin gwamnati ba ne. Mutumin gari ne mai ɗan ilimi, wanda iyaye suke tara wa kuɗi ko rogo ko gyaɗa, ana ce da su malaman iyaye. In manomin da ba ya ganin takardar jika sai lokacin kaka ya iya riƙe malami wata tara, mu da muke zaune a bakin kasuwa mafi girma a ƙasa, da wane baki za mu ce mako takwas ya fi ƙarfinmu? Matanmu kuma sun ƙware a adashi, wanda ake kira kelemba da Sango. Ba su yi makarantar banki ba, amma ba sa kuskuren ranar zubi ko ranar kwasa.

Ga masu jiran baƙi

Akwai wata cuta da ta kama mu bayan yaƙi, ita ce cutar jiran farar mota. Kome za a yi sai a ce a rubuta takarda zuwa ƙungiyar agaji. Ban raina taimakonsu ba. A lokacin gudun hijira sun kafa tantuna inda yara suka yi karatu da wasa, Allah ya sāka musu. Amma kuɗin baƙo yana da wa'adi, yana kuma bin inda ƙarar bindiga ta fi yawa. Da an sami ɗan kwanciyar hankali sai a naɗe tanti, mota ta tafi, a bar allon sanarwa yana tsatsa a bakin hanya. A shekarar 2025 duniya ta ga yadda gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta agaji, USAID, ayyuka da yawa a Afirka suka tsaya cikin 'yan makonni. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, ranar da maƙwabci ya yi tafiya da yunwa zai kwana.

Waɗanda suka fara irin wannan aiki ma ba su jira kowa ba. A shekarar 1780, a garin Gloucester na Ingila, Robert Raikes ya ga 'ya'yan ma'aikata suna watangaririya a titi ran Lahadi, sai ya ɗauki mata su koya musu karatu, yana biyan kowace sule ɗaya a rana. Daga nan Makarantar Lahadi ta bazu a duniya. A shekarar 1841, a birnin Turin na Italiya, Fada Don Bosco ya fara tara yaran titi, yana haɗa musu wasa da addu'a da karatu da sana'a. Mahaifiyarsa Margarita, matar ƙauye da ba ta iya karatu ba, ta bar gidanta ta zo tana dafa musu abinci, har ta sadaukar da kayan aurenta saboda su. Almajiransa suna nan Bangui, a Damala da Galabadja. A shekarar 1898, a birnin New York, wata mace mai suna Eliza Hawes ta ɗauki hayar ɗakin shan giya da rana domin ta tara 'ya'yan baƙi matalauta a lokacin hutu. Sule ɗaya, tukunyar tsohuwa, ɗakin haya: da waɗannan aka fara.

Ga masu ƙin wasa, da masu talla, da masu ƙyamar maƙwabci

Wani dattijo zai ce, "Karatu na yarda, amma a ɗauki kuɗin baiko a sayi ƙwallo?" Baba, da girmamawa nake amsa maka. Yaro ba buhu ba ne da za a yi ta ɗura masa tun safe har yamma. A filin ƙwallo yake koyon bin doka, da jin maganar alƙalin wasa, da shan kaye ba tare da ɗaukar dutse ba. Ƙasar da 'ya'yanta ba su koyi shan kaye a fili ba, manyanta ba za su yarda da shan kaye a zaɓe ba. Ƙwallon kuma shi ne ƙugiyar da take jawo yaro zuwa allo.

Wata uwa za ta ce, "In 'yata ba ta yi talla ba, me za mu ci?" Wannan kuka gaskiya ne, ba zan yi masa dariya ba. Shi ya sa shirin zai tsaya a rabin yini, daga ƙarfe takwas zuwa sha biyu, a kuma ba kowane yaro kunu da fanke kafin ya tafi. An rage wa uwa ciyarwar safe, yarinya kuma tana da sauran yini ta taimaka a gida. Amma 'yar'uwa, ki auna ribar tire na wata uku da abin da za ki rasa in ta dawo miki da abin da ba a sayarwa.

Wani kuma zai ce, "Kuɗinmu ne, 'ya'yanmu kaɗai za su ci." Wannan ita ce maganar da ta fi ba ni tsoro. Yaran da aka haifa a Bangui daga 2013 sun girma suna jin cewa in ka ƙetare wancan titi za a yanka ka. Akwai ɗan Kirista da bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da ɗan Musulmi ba, alhali kakanninsu tare suka yi ciniki. In muka raba su a fili, mun shuka wani yaƙin da hannunmu. A tsakiyar fitina Akbishop Dieudonné Nzapalainga da marigayi Imam Oumar Kobine Layama da Fasto Nicolas Guérékoyamé-Gbangou sun yi yawo tare suna kashe wuta, Imam ɗin ma a gidan Akbishop ya sami mafaka. Ran 30 ga Nuwamba 2015 Paparoma Francis ya shigo PK5 ya shiga babban masallaci. Manya sun buɗe ƙofa, mu ƙanana ne za mu rufe ta a fuskar yara? Sai dai mu yi gaskiya da maƙwabtanmu. Karatu da lissafi da wasa na kowa ne. Koyarwar addini kuwa a ware mata lokacinta, ɗan Kirista ya je wurin katekis, ɗan Musulmi ya je wurin malaminsa. Kada mu ɓoye tarko a cikin kunu. A gayyaci iyayensu su zauna cikin kwamiti, su ma su zuba nasu.

Yadda za a yi

Manzo Bulus ya koya wa Korintiyawa su riƙa ajiye wani abu a ranar farko ta kowane mako, kowa gwargwadon samunsa, domin kada a tashi neman gudummawa a ƙurarren lokaci. Dabarar ke nan. Ga misali. A ce ikkilisiya tana da gida 150. Kowane gida ya zuba sefa 200 ran Lahadi, watau dala arba'in a lissafin kasuwa. A mako an sami 30,000. Daga Oktoba zuwa ƙarshen Yuni, wajen mako 40, an tara sefa 1,200,000.

Da wannan za a riƙe yara 150 na mako takwas, kwana biyar a mako. In an ware sefa 100 na abincin kowane yaro a rana, kwana 40 zai ci 600,000. Malamai biyar, kowane a ba shi 25,000 a wata, wata biyu ya kama 250,000, a ɗauko su daga cikin ɗaliban jami'a da na sakandare da suke zaune a gida, su ma an raba su da zaman banza. Alli da allo da littattafai da ƙwallo da igiyar tsalle da akwatin magani, a ba su 200,000. Saura 150,000 a ajiye saboda abin da ba a zata ba. Ɗaki kuwa ba sai an gina ba, gama azuzuwa da harabar majami'a a kulle suke tun Litinin har Asabar. Tela da kafinta da makanike na cikin ikkilisiya, kowa ya ba da safiya ɗaya a mako ya nuna wa manyan yara sana'arsa.

Na san abin da yake kashe irin wannan asusu: hannu mai ƙaiƙayi. Saboda haka a kafa doka tun farko. Mutum uku su riƙe asusun, biyu daga cikinsu mata, kada kuɗi ya fita sai da sa hannun dukansu. A karanta lissafi a gaban jama'a Lahadin farko na kowane wata, a kuma manna shi a ƙofa. Kada a ranci kuɗin yara domin makoki ko gini ko tarbar baƙo, ko wane ne ya roƙa. Kada kuma a bar babba shi kaɗai da yaro a ɗaki, kullum a sami uwa ɗaya daga zumuntar mata tana zaune a wurin. Ina kuma roƙon dattawa su yanke shawara: duk gudummawar makoki da aka tara, a cire kashi ɗaya cikin goma a sa a asusun yara da sunan mamacin. Wannan ya fi riga mai hoto daɗewa.

Barthélemy Boganda, Fada na farko ɗan ƙasar nan kuma uban 'yancinta, wanda ya rasu a 1959, ya bar mana taken Zo kwe zo, watau kowane mutum mutum ne. Cikin ayyuka biyar da ya ce su ne hakkin jama'a, tare da ciyarwa da tufatarwa da warkarwa da masauki, ya sa koyarwa. Yaro ma mutum ne, a watan Agusta kamar a watan Oktoba. Mun kuma san ranar da almajirai suka kori yara suna tsammani suna kāre Ubangiji daga damuwa, shi kuwa ya ji haushinsu. Mu ba mu kore su da baki ba, da lissafin kuɗinmu muka kore su.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada ku jira Yuli, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi, wanda bai tara ba kuwa ba shi da abin kwasa. Ran Lahadi mai zuwa, bayan sanarwa, wani ya miƙe ya kawo maganar. In an ce a bar ta sai zama na gaba, ya tambayi ranar zaman, a rubuta. A fito da akwati, a zaɓi mutum ukun, gida na fari ya zuba dala arba'in ɗinsa. Allah ya ba mu kunnen ji da hannun bayarwa. Amin.